Gonar Jiratawa da Filin Hanyar Ruwa

A bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa na yi lissafin, a zauren kawuna da ke Tibiri, kuma har yau takardar tana wurina. Na sha sake duba ta, ban ga kuskure ko ɗaya ba. Jika ɗari huɗu na sefa za a ranto. Wanda ya gama karatun tsara birane, yadda aka gaya mana a lokacin, gwamnati na ɗaukarsa aiki da albashin da ya ɗan haura jika tamanin. In na ware goma sha biyar duk wata, cikin wata ashirin da bakwai na gama biya. Na ja layi biyu a ƙarƙashin adadin, na miƙa wa kawu.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, kuma yana cikin Kiristocin Tibiri. Shi kaɗai ne a danginmu ya taɓa karɓar albashi, don haka duk maganar da ke da lamba a ciki shi ake kai wa. Ya sa tabarau, ya bi layukan da yatsa.

"Lissafi ya yi," ya ce. "Sai dai ka rubuta wata ashirin da bakwai kamar watan gwamnati kwana talatin ne. Watan albashina na baya kwana hamsin ya yi, wanda muke ciki kuwa ban san ranar da zai mutu ba."

Na yi dariya, don na ɗauka barkwanci ne irin nasa. Ina jin na kuma ce masa kafin in gama karatu abubuwa za su daidaita. Kowa haka yake cewa a shekarun nan. An yi taron ƙasa, jam'iyyu sun fito kamar zago bayan ruwan fari, ko wace mota da tutarta, ko wane mai shayi da ra'ayinsa. Mu kuwa ɗalibai a Yamai, kuɗin bursi da gwamnati ke ba mu na ci da haya ya fara zuwa sau ɗaya a wata uku, daga baya ya daina zuwa. Ina shekara ta biyu. Abu biyu ya rage mini: ko in tattara in koma garinmu Jiratawa, ko a samo kuɗi.

Baba bai taɓa gane abin da nake karantawa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ranar da na fara yi masa bayani, yana gyaran bakin kwami a gonarsa ta rani, sai ya miƙe ya dafa ƙugu.

"Gari za ka karanta? Maraɗin da ke zaune tun ba a haifi kakanka ba?"

Na tuna masa abin da shi da kansa yake ba mu labari, yadda Gulbi ya taɓa cinye tsohon gari a kwari har aka tashi aka hau tudu. Na ce aikina ke nan, in san inda ruwa ke bi kafin mutane su kafa gida. Sai ya ce, "To, wannan aiki ne." Ina jin maganar nan ce ta sa ya yarda da abin da ya biyo baya, shi ya sa har yanzu in na tuna ta sai in ji nauyi.

Gonar ba ta da girma, amma tana cikin filin ban ruwa na Jiratawa, inda injin ke tura ruwa rani da damina. Alkama, tattasai, zogale a gefe. Ita ke ciyar da gidanmu. Ita Baba ya jinginar.

Wanda ya karɓa wani Alhaji ne mai fataucin hatsi da man fetur, shagonsa na Sabon Gari a Maraɗi. Ba zan ce mugu ne ba, ko da yake akwai lokacin da na ce. A ranar da muka je, ya shimfiɗa mana darduma, ya sa aka kawo fura, ya kira maƙwabtansa biyu su zama shaidu. Ba a rubuta komai ba, domin a ƙa'idar ƙungiyar manoma ba a jinginar da gonar ban ruwa. Sharaɗin shi ne wanda kowa ya sani: gona tana hannun mai kuɗi har ranar da aka maido masa kuɗinsa cif. Ba ruwa a kai, ba ƙari.

"Ni ba ni cin riba, Malam," ya ce wa Baba. "Kuma ba ni raba ka da hilinka. Kai za ka ci gaba da nomawa, in an girbe mu raba biyu. Ranar da injiniya ya kawo kuɗɗina, shi ke nan."

Injiniyan ni ne. Da sunan yake kirana har yau, kuma ban taɓa tantance ko girmamawa ce ko ba'a ba.

Ga abin da ban sa a lissafina ba, ni da na yi shekara biyu ina koyon ƙididdiga. Sunan Baba ne a littafin ƙungiya, don haka shi ke biyan kuɗin injin. Shi ke sayen taki. Shi ke sunkuyawa. Rabin amfani kuma ya tafi Sabon Gari, kuma ko buhu ɗari aka kai, bashin bai ragu da dala ɗaya ba. Na rubuta abin da zan biya, ban rubuta abin da Baba zai yi ta biya duk kaka kafin in fara ba. Wani zai ce yarinta ce. Ni dai ban yafe wa kaina ba tukuna.

Karatun da ya rage mini shekara biyu ya ci huɗu. Yau yajin malamai, gobe namu, jibi a rufe jami'a a ce kowa ya tafi gida. An soke mana shekara guda cur kamar ba a yi ta ba. A tsakani darajar sefa ta faɗi, littafin da nake tara kuɗinsa ya ninka farashi cikin mako guda, taki ma haka. Da na dawo da takardata a cikin leda, sai aka ce gwamnati ta daina ɗaukar ma'aikata sai yadda hali ya yi. Na yi bautar ƙasa shekara biyu a wani ofishi mai kula da yankan filaye a Maraɗi, ana ba mu ɗan abin da ko haya da kabu-kabu bai isa ba. Bayan nan suka riƙe ni. Albashin bai kai jika tamanin ba, amma ba wannan ne ciwon ba. Ciwon shi ne sai a yi wata uku a biya ɗaya, a ce sauran an rubuta mana. Bashin albashina a wurinsu ya yi ta taruwa, bashin Alhaji yana nan yadda yake, Baba kuma yana ta raba alkamarsa biyu.

Duk Juma'a nakan je Jiratawa. Baba bai taɓa tambayata maganar bashin ba. Da ma ya tambaya.

Aikin kansa na so shi, wannan ba zan ɓoye ba. A shekarata ta uku a ofishin aka ce za a yanka sabuwar unguwa a bakin gari, cikin wasu gonakin gero, aka ba ni zanen. Na yi wata biyu ina yawo a wurin da igiyar awo. Na tambayi tsofaffin manoman inda ruwa ke bi in an yi mai ƙarfi, suka nuna mini wani ɗan gangare da ido ba ya ganewa da rani, sai ka lura da yashi mai laushi da ya kwanta a tsakiyarsa. Na jira damina, na je na tsaya cikin ruwan sama da laimar aro, na gani da idona: ruwan rabin tudun nan ta wurin yake sauka ya nufi Gulbi, yana kai wa gwiwa. A zanena na ware wannan zirin, na shafa masa shuɗi, na rubuta cewa hanyar ruwa ce, ba a gini, wata rana a yi magudana. Na ware filin lakwal, na ware na kasuwa. Shef ɗinmu, wato shugaban ofishin, ya duba, ya yaba, ya sa hannu. Na koma gida ranar ina jin kamar karatun ya fara biyan kansa.

Bayan kusan shekara sai aka zo da wata dabara. Tun da babu kuɗin biyan bashin albashi, za a biya ma'aikata da filaye. Kowa a duba abin da yake bi, a ba shi fili daidai da shi. Mutane suka yi ta murna, ni ma na yi. Abin da nake bi ya kusa jika ɗari huɗu, kuma fili a sabuwar unguwa ana sayar da shi kusan haka. A zuciyata na riga na ga Baba yana kwashe alkamarsa duka zuwa rumbunsa.

Aka ba ni takarda mai lambar fili. Na san zanen unguwar nan kamar tafin hannuna, amma ban san lambar ba. Na je na buɗe babban zanen da ke ofis. Ba nawa ba ne, ko in ce nawa ne da aka yi wa aski. Shuɗin ya ɓace. An yanka zirin hanyar ruwa fili goma sha ɗaya, an jera musu lambobi tsaf, da rubutu mai kyau ma. Nawa shi ne na huɗu daga ƙasa, daidai inda na tsaya da laima.

Ni ba mai faɗa ba ne. In zan shiga ofishin babba sai na shirya maganata sau uku a waje. Ranar ban shirya komai ba.

"Shef, wa ya yanka hanyar ruwa?"

"Zauna, ƙanena."

"Kai ka sa hannu a kan cewa ba a gini a wurin."

"Na sa. Sannan aka aiko mini da sunayen mutane, aka ce in samo musu filaye. Mutanen sun fi filayen yawa. Ƙasa zan haifa?" Ya turo mini kofin shayi, ban taɓa ba. "An ɗauki na lakwal ma, in ba ka lura ba. Ka yi godiya ka samu. Akwai wanda sunansa bai fito ba."

"Ruwa yana kai wa gwiwa a wurin."

"Sau nawa a shekara? Uku? Huɗu? Sauran kwanakin fili ne kamar kowane. Kuma wa ya ce ka gina? Ka sayar. Yanzu rani ne."

Yanzu rani ne. Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai, har yau. An jinginar da gonar tsoho don in koyi abu guda, in san inda ruwa ke bi. Na koya, na auna, na rubuta. Sai aka goge, aka yanka wurin, aka biya ni da shi, aka kuma ba ni shawara in nemi wanda bai sani ba tun ƙasa na bushe. Ban san sunan da zan ba wannan ba. Ba sata ba ce, don ba a ɗauki abin kowa ba. Wataƙila raini ne kawai.

Duk da haka, ba zan yi ƙarya ba, na yi mako biyu ina juya shawarar Shef. Alhaji na sayen filaye, kowa ya sani. In na kai masa takardar na yi shiru, zai karɓa a bakin bashinsa duka, a kira shaidu, Baba ya karɓi gonarsa kafin shukar alkama. Na ce wa kaina Alhaji ya ci rabin amfanin gonar nan shekara da shekaru, ya ci ninkin kuɗinsa, in ruwa ya ci masa fili ɗaya ai ba a zalunce shi ba. Na ce ba ni na yanka ba. Na ce wataƙila ma a yi magudana nan gaba, ko da yake na san ba za a yi ba.

Na hau kabu-kabu na tafi Tibiri. Kawu ya riga ya yi ritaya, yana jiran kuɗin fansho kamar yadda ya jira albashi. Na zayyana masa komai, da hujjojina duka, ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara har na gama.

"Hujja nawa ke nan?"

"Biyar, ina jin."

"Da abin ya kwanta maka, ɗaya ta isa. Da ma ba ka biya kuɗin mashin ka zo nan ba." Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Ni ba zan ce maka yi ko bari ba. Gonar ba tawa ba ce, kuma yayata ce ke cin tuwon rabin. Amma na san ka tun kana rarrafe. Kai ne yaron da ya dawo daga kanti tafiyar rabin awa don an yi masa ƙarin canjin dala biyu. In ka yi shiru, kowace damina kai za ka kwanta ciwo, ba Alhaji ba."

Ban gaya wa Baba komai ba. Wannan ma kuskure ne, ina jin. Na dai ce masa na sami fili, mu je wurin Alhaji. Ya sa babbar rigarsa ta sallah. A mota yana ta yi wa wani fasinja bayanin cewa ɗansa ne ya zana sabuwar unguwa.

Alhaji ya kira shaidun nan biyu, ɗaya ya tsufa har sai da aka riƙo shi. Ya karɓi takardar, ya duba lambar, ya gyaɗa kai. Na ga ya buɗe baki zai yi magana, sai na riga shi.

"Alhaji, kafin ka karɓa akwai abin da ya kamata ka sani. Filin nan a kan hanyar ruwa yake. Ni na auna wurin. Da damina ruwa na kai wa gwiwa."

Baba ya juyo ya dube ni.

Alhaji ya yi murmushi. "Injiniya, ka zaci ban sani ba? Ukku daga cikin na kusa da shi nawa ne. Tun kahin a ba ku takardu na saye su hannun abokan aikinka."

"To, in ka sani..."

"Na sani, amma su waɗanga ba su sani ba." Ya nuna shaidun. "Yanzu sun ji, daga bakin wanda ya auna. Gobe kasuwa duka ta ji. Da ka yi shiru, wallahi da na karɓe shi a bakin kuɗɗina duka, don haka zan saishe shi. Yanzu hilin da mai shi ya ce gulbi ne, nawa zan ba ka? Rabi. Kuma don mutuncin Malam."

Na ce ai darajar filin ba ta canza ba tsakanin ɗazu da yanzu. Ya ce ƙasar ce ba ta canza ba, daraja kuwa a bakin mutane take, kuma wannan ba a koyar da shi a Yamai. Shaidun suka yi dariya, ba ta mugunta ba. Na so in karɓe takardata in fita. Amma wa zan kai wa? Duk wanda na kai wa sai na gaya masa abin da na gaya wa Alhaji. Na bar ta. Bashi ya koma jika ɗari biyu, gona kuma tana nan a hannunsa, domin jingina ba ta san rabi ba.

Muka fito bakin titi ni da Baba. Yana tsaye cikin babbar rigarsa, masu mashin na ta yi mana hon.

"Wa ya tambaye ka?" ya ce.

"Ba kowa, Baba."

"Ba kowa." Ya gyara hularsa. "Ka san shekarata nawa?"

Ya tare mota ya shiga shi kaɗai.

Shekara huɗu na yi kafin in haɗa sauran. Na riƙa zana wa 'yan kasuwa gidaje da shaguna bayan an tashi aiki, ina auna wa magada filayensu ranar Asabar, ina ajiye kuɗin wurin kawu don kada in taɓa. Alhaji ya sayar da filayen nan huɗu tun ranin bai fita ba, ashe kasuwar ba ta ji sosai ba, ko ta ji ta manta. Wanda ya sayi nawa wani tela ne. Na neme shi na gaya masa tun bai zuba tushe ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in so nake ya sayar mini da araha in fito fili in faɗa. Ya gina. Duk damina in na bi ta wurin ina ganin buhunan yashi a ƙofarsa, da alamar laka a bango daidai inda na ce. Ba na jin daɗin cewa na yi gaskiya. Haushi nake ji, har yanzu, na cewa an sani kuma an yi, kuma ba wanda aka taɓa tambaya.

Yara masu shirin shiga jami'a sukan zo su tambaye ni ko karatun nan yana biya. Nakan ce ban sani ba, ya danganta. Suna ganin kamar ina guje wa amsa ne. Wani lokaci nakan fito musu da takardar, su duba, su ce lissafin daidai ne, in ce na sani.

Ranar da na kai kuɗin, shaida ɗaya ne ya rage da rai. Alhaji ya ƙirga, ya ce Malam ya karɓi hilinsa, Allah ya sa albarka. Baba bai iya zuwa ba, gwiwoyinsa sun riga sun ƙi, ƙanena ke yin yawancin aikin. Na same shi a gonar zaune a kan wani bulo, ranar layinsu ne na ruwa. Na gaya masa. Ya gyaɗa kai kamar na ce masa an kira la'asar.

Can ya ce, "Shi telan, ka gaya mashi?"

"Na gaya masa. Bai yarda ba."

"Amma ka gaya mashi."

"Na gaya."

Ya daɗe yana kallon alkamar. Ban san ko ya huce ba, bai taɓa cewa ya huce ba, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin tambaya ba. Ya nuna mini wani kwami da ruwa ya fasa bakinsa yana zuba cikin hanya.

"Tunda kai ne ka san inda ruwa ke bi," ya ce, "ɗauki hauya ka toshe mani can."

Na tuɓe takalma na shiga.